Janaretan da ba ya shan mai: 'yan'uwa, ku riƙe riyalanku

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar Isha, muna zaune a majalisarmu a nan Jidda ana shan shayi, sai wani dattijo da nake ganin girmansa ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Kai da kake harkar wuta, duba mini wannan."

Bidiyo ne aka turo masa daga gida. Wani saurayi ne tsaye a gaban akwatin ƙarfe, a ciki wani ƙaton faifai yana ta juyi da fambel. An jona ƙwayayen fitila huɗu da fanka da talabijin, duk suna aiki. Saurayin yana ta rantsuwa cewa babu fetur, babu gas, babu sola, babu wutar NEPA. Wai injin ne yake ba kansa wuta, kuma haka zai yi ta yi har illa masha Allahu.

'Ya'yan dattijon a Kano har sun gama ciniki, shi ake jira ya aika kuɗin. Mutum ne da yake yini a bayan sitiyari cikin zafin garin nan, kuɗin kuwa tarin wata da watanni ne.

Na ce, "Baba, don girman Allah kada ka aika." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ai gani ya kori ji."

Sana'ata haɗa na'urar sanyi da gyaranta, wadda a nan muke kira mukayyif, kuma da ita nake ci da iyalina. Zan faɗi matsayina tun yanzu. Babu injin da yake ba da wuta ba tare da ya karɓi makamashi daga wani wuri ba. Ba a taɓa ƙera shi ba, kuma ba za a ƙera shi ba. Duk wanda ya tallata maka irinsa, ɗayan biyu ne: ko ya ruɗi kansa, ko kai yake son ruɗa. Kuma abin yana min ciwo, domin guminmu ne, mu mazauna ƙasar nan, yake tafiya a wannan ramin.

Na san abin da yake tura mutane. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a 2024. A watan Oktoban 2024, jihohin Arewa da dama sun kwana sun yini cikin duhu na tsawon kwanaki bayan layukan da ke kawo wuta sun lalace. Mai firjin ƙanƙara ya yi asara, mai walda ya rufe shago, tela ya koma keken ƙafa. Wanda mahaifiyarsa take kwana cikin zafi a watan Afrilu, in aka ce masa ga mafita, zai saurara. Ban zargi kowa da wauta ba. Matsi ne, kuma matsi yana rufe ido.

Me ke cikin akwatin?

Duk irin waɗannan injina da na taɓa gani, a bidiyo ko ido da ido, tsarinsu ɗaya ne. Akwai batir. Batirin yana kunna wani injin juyi na lantarki. Shi kuma yana jan faifan ƙarfe mai nauyi da altaneta irin ta mota. Altanetar tana samar da wuta, a raba ta biyu: wani kaso ya bi ta inbata zuwa fitila da fanka, wani kaso ya koma ya yi wa batirin caji. Da'ira ce, kuma a ido tana da kyau.

Matsalar tana cikin doka ta farko ta ilimin zafi da makamashi, wanda a makaranta ake kira tamodainamik. Dokar ta ce makamashi ba a ƙirƙirarsa daga babu, kuma ba ya ɓacewa. Siffa kawai yake sauyawa. Na cikin fetur ya koma zafi, zafi ya koma juyi, juyi ya koma lantarki, lantarki ya koma haske. In ka tara abin da ya fita, daidai yake da abin da ya shiga, ko ƙwayar zarra ba ta ƙaruwa.

Ba a zaune aka yanke wannan hukunci ba. A shekarun 1840, wani Bature a Manchesta ta Ingila, James Joule, ya rataya nauyi a igiya, nauyin yana sauka yana juya wasu filafilai a cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana auna yadda ruwan yake ɗumama. Ya maimaita ta hanyoyi iri-iri, kullum lissafin ɗaya yake ba shi: adadin aiki kaza yana haifar da adadin zafi kaza. Sunansa aka sa wa ma'aunin makamashi, kuma yau mun san kusan jul 4.2 ake bukata a ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. A Jamus ma Julius Mayer a 1842 da Hermann Helmholtz a 1847 sun iso wuri ɗaya ta tasu hanyar. Daga wancan lokaci zuwa yau, kowace tashar wuta da kowane jirgin sama da ya kawo mu ƙasar nan, a kan wannan lissafi aka ƙera su.

To mu koma ga akwatin. A mafi kyawun hali, abin da altaneta za ta mayar wa batir shi ne daidai abin da batirin ya bayar. Ke nan babu ragowar da za ta kunna fitila ko guda. Amma ko wannan mafi kyawun halin ba ya samuwa.

Mu da muke aika kuɗi gida mun fi kowa sanin wannan. Ka ba ɗan canji riyal 100 ya mayar maka naira, ka ɗauki nairar ka je wurin wani ya mayar maka riyal. Ɗari ba za ta dawo hannunka ba, kowanne ya cire nasa. In ka yi ta zagayawa kana fatan kuɗin su haihu, har kana cire na cefane a ciki, kafin la'asar aljihunka ya bushe.

Haka wutar take. A ce kowane mataki yana miƙa kashi 80 cikin ɗari na abin da ya karɓa, kuma wannan kyautatawa ce, don altanetar mota ba ta kai haka ba. Ɗari ta fita daga batir. Injin juyi ya miƙa 80. Fambel da faifai suka miƙa 64. Altaneta ta miƙa 51. Batir ya adana 41. Ka fitar da ɗari ka mayar da 41, kuma har yanzu ba ka kunna fitilar ba.

Ina sauran suka tafi?

Sun zama zafi. Taɓa jikin injin bayan ya yi minti goma yana juyi, taɓa fambel ɗin, taɓa wayoyin. Wannan ɗumin da kake ji a tafin hannunka, wutar batirinka ce take fita iska. Ƙarar da yake yi ma daga cikinta aka cira.

A nan doka ta biyu take shigowa, kuma ita ce nake aiki da ita kullum. Zafi da kansa daga wuri mai zafi yake gangarawa zuwa wuri mai sanyi. Ba ya hawa da kansa. Shayin da aka zuba maka yana hucewa, ba ka taɓa ganin kofi ya tsotsi zafin ɗaki ya tafasa ba. Kuma da zarar zafi ya bazu a iska, tattaro shi a mayar da shi aiki sai an biya da wani makamashin.

Wani injiniyan sojan Faransa, Sadi Carnot, shi ya fara gano bakin zaren a 1824, yana da shekara 28. Ya nuna cewa duk injin da yake mayar da zafi aiki yana da iyakar da ba zai wuce ba, kuma iyakar ta rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin wuri mai zafi da wuri mai sanyi. Daga baya Rudolf Clausius a 1850 da Lord Kelvin suka tsara dokar yadda ake karantar da ita yau.

Ga yadda abin yake a aikace. A kudu da Jidda, a bakin Bahar Maliya, akwai tashar Shu'aiba, inda ake ƙona mai a samar da wuta, a kuma tace ruwan teku da Jidda da Makka da Ɗa'if suke sha. Me ya sa ake gina irin waɗannan tashoshi a bakin ruwa? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne dole a sami inda za a zubar da zafin da ya rage. A ce tururi ya kai digiri 550, ruwan teku kuma yana digiri 30. Lissafin Carnot ya ce ko injin ba shi da aibi ko ɗaya, kashi 63 cikin ɗari na zafin ne kawai zai zama aiki. Tashoshin tururi na gaske a wajajen kashi 40 suke tsayawa. Ƙaramin janaretan da ke ƙofar shagon aski kuwa, litar fetur tana ɗauke da kusan kilowat-awa 9, amma abin da yake ba ka bai kai 2 ba. Sauran ta salansa da jikin injin suke fita.

Manyan kamfanonin duniya suna kashe maƙudan kuɗi da shekaru don su ƙara kashi ɗaya ko biyu a kan wannan adadi. Mai akwatin yana cewa shi ya haura ɗari.

Wani abokin aikina ya taɓa kawo hujja mai kyau. Ya ce, "To ai mukayyif tana cin kilowat ɗaya ta ba da sanyin kilowat uku. Wannan ba riba ba ce?" Gaskiya ne lissafin haka yake. Amma na'urar ba ta ƙera sanyi. Zafin ɗakinka take kwasa ta kai waje. Duk wanda ya bi ta lungunan Jidda da azahar a watan Yuli, ta bayan gidajen da aka jera na'urorin taga, ya san wannan a fatarsa: iska mai ƙuna tana dukan fuska, ruwa yana ɗiga a kafaɗa. Abin da ke fitowa a bayan nan shi ne kilowat ukun da aka kwaso daga ɗaki, haɗe da kilowat ɗayan da aka biya a fatura, wato takardar kuɗin wuta. Huɗu cif. Babu abin da ya faɗo daga sama.

Shi ya sa wanda ya buɗe ƙofar firji don ɗaki ya yi sanyi, ɗakin ƙara zafi yake yi. Shi ya sa kuma sanyin da muke ji a Masallacin Annabi (SAW) a Madina, tashar da ke samar da shi tana can nesa, kimanin kilomita 7, ana turo ruwan sanyi ta bututu a ƙarƙashin ƙasa, a mayar da shi ya ɗumama, a zubar da zafin a can. Ko a wannan wuri mai albarka sai da aka nemi inda za a kai zafin, aka kuma biya kuɗin wutar ɗaukarsa.

"Ai na gani da idona"

Ka gani, ban musa ba. Abin tambaya shi ne me ka gani, kuma na tsawon wane lokaci.

Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce. Ƙwayayen fitila huɗu masu wat goma-goma, fanka mai wat 60, talabijin mai wat 60, duka wat 160 ke nan. Batirin shi kaɗai da inbata zai riƙe su awa goma ko fiye. Bidiyon minti uku bai nuna komai ba sai cewa an yi wa batirin caji kafin a ɗauka. Abin takaicin ma, da za a cire injin juyin da faifan da altanetar a jefar, a bar batir da inbata kawai, da wutar ta fi daɗewa. Duk wannan juyin da ke burge mai kallo, shi ne yake shanye cajin.

Wasu kuma na'urar awo ce take ruɗarsu. Sun ɗora ta a kan batir sun ga bolt 13 ko 14, sai su ce ga shi yana caji. Bolt ƙarfin turi ne kawai. Bai gaya maka nawa ke shiga da nawa ke fita ba. Sai ka auna amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, a wayar da ke fita da wadda ke komawa, sannan za ka ga gaskiya.

Wannan ciniki tsoho ne. A 1813 wani Charles Redheffer ya kafa irin wannan inji a birnin New York na Amurka, mutane suna biya suna kallo. Injiniya Robert Fulton ya lura juyin ba daidai yake tafiya ba, yana sauri yana lafawa kamar na hannu. Ya ɓalle wasu katakai, sai ga siririyar igiya ta bi ta bango zuwa wani ɗaki a sama, inda aka iske wani tsoho zaune yana murza hannun inji. Bayansa aka yi John Keely a Filadelfiya, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana karɓar kuɗin masu hannun jari. Sai bayan ya mutu a 1898 aka bincika wurin gwaje-gwajensa, aka tarar da ƙaton tulun ƙarfe na matsattsiyar iska a ƙarƙashin bene da ƙananan bututu a ɓoye. Waɗanda suka ba su kuɗi duk sun gani da idonsu.

"Turawa da masu mai ne suka danne fasahar"

Wannan hujja tana shiga zuciya, domin mun san an sha cutar mu. Amma a yi tunani. Japan kusan duk man da take ƙonawa sayowa take yi. Sin da Indiya suna kashe biliyoyin daloli kowace shekara wajen shigo da mai, kuma suna da injiniyoyi ba adadi. Wa zai hana su haɗa batir da altaneta? Kayan nan a kowace kasuwar kayan mota ana sayar da su. Sirrin da ake iya haɗawa a shagon walda, ba mai iya danne shi a duniya baki ɗaya.

Dubi ma ƙasar da muke zaune. Saudiyya da take kwance a kan mai ta gina tashar sola ta Sakaka mai megawat 300 a yankin Jauf, da ta Sudair mai megawat 1,500. Tana da jami'ar man fetur da ma'adinai a Zahran, da jami'ar kimiyya ta Sarki Abdullahi a Suwal, nan kusa da mu. Da akwai akwatin da zai ba da wuta kyauta, da kowace ganga da ake ƙonawa a cikin gida don sanyaya ɗakuna an sayar da ita waje an ƙara riba.

Masana ba ƙin dubawa suka yi ba. Sun duba har sun gaji. Tun ƙarni na 12 masanin lissafi Bhaskara na Indiya ya zana wata ƙafa irin ta keke da yake zaton za ta yi ta juyi da kanta. Ɗaruruwan shekaru ana kawo irinta, babu wadda ta yi aiki, har a 1775 Majalisar Kimiyya ta Faransa ta sanar cewa ta daina karɓar irin wannan da'awa. Ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka kuwa sharaɗinsa mai sauƙi ne: ka kawo injin yana aiki a gani.

Haka zancen janareta mai amfani da ruwa. Ruwa shi ne abin da yake saura bayan iskar gas da ake kira haidirojin ta riga ta ƙone, makamashinta ya riga ya fita. Ana iya raba ruwa a sake fitar da haidirojin, amma wutar da za ka kashe wajen rabawar ta fi wadda za ka samu in ka ƙona ta. A Neom, arewa maso yammacin ƙasar nan, ana gina masana'antar da za ta yi wannan aiki, kuɗinta dala biliyan 8.4, kuma sai da aka tanadar mata sola da injinan iska na kusan megawat 4,000 don kawai su raba ruwan. Wani Ba'amurke, Stanley Meyer, ya yi da'awar motarsa da ruwa take tafiya. A 1996 wata kotu a jihar Ohayo ta same shi da zamba, ta umarce shi ya mayar wa masu kuɗi kuɗinsu.

Sola fa, ai ita ma ba ta shan mai? Ba ta sha, amma tana karɓa. Da tsakar rana kowace murabba'in mita ta ƙasa tana samun kusan wat 1,000 daga rana, faifan sola ya mayar da kusan kashi 20 lantarki. Rufe shi da bargo ka gani. Injin iska yana karɓa daga iska, Kainji da Shiroro suna karɓa daga ruwa mai gangara. Kowanne kana iya nuna ƙofar da makamashi yake shigowa. Tambayar da za a yi wa mai akwati ke nan: ina ƙofar taka?

In ya ce maganaɗisu ne, to maganaɗisu yana ja, amma abin da ya ba ka lokacin da ƙarfe yake matsowa, sai ka biya shi daidai lokacin da ƙarfen zai rabu da shi. A zagaye guda ba a samu komai ba.

"Allah mai iko ne a kan komai"

Haka ne, kuma na yi imani da wannan fiye da yadda na yarda da kowane littafin kimiyya. Amma wa ya shimfiɗa waɗannan dokoki? Joule da Carnot ba su ƙirƙire su ba, tarar da su suka yi. Wanda ya sa wuta ta yi ƙuna, ruwa ya gangara, rana ta fito daga gabas, shi ya sa zafi yake bin hanyarsa. Sanin wannan tsari sanin aikin Ubangiji ne.

Allah ya sanyaya wuta ga Annabi Ibrahim (AS). Mun san mu'ujiza ce domin ta saɓa wa abin da wuta ta saba yi, kuma Allah ya keɓance ta ga bawansa. Ba abu ba ne da ake haɗawa da fambel a sa masa farashi. Ina jin nauyi ƙwarai in na ga mai talla yana jawo sunan Allah don ya rufe bakin mai tambaya. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Tambayar ina wutar take fitowa, ɗaure raƙumi ne.

"Kana kashe wa matasanmu gwiwa"

Wannan ita ce ta fi taɓa ni. Da yawa daga cikin yaran nan ba 'yan damfara ba ne. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya iya naɗa kwayil, ya iya walda, ya ga bidiyo a YouTube ko TikTok, ya sayar da babur ɗinsa ya sayi kaya. In batirin ya mutu bayan awa shida, sai ya ce altanetar ce ƙarama, bari ya nemi babba. Ya sake saye, ya sake gwadawa. Shekarunsa suna tafiya a kan abin da malamin fiziks na sakandare zai warware masa a darasi ɗaya.

Wanda ya kashe masa gwiwa shi ne wanda ya tafa masa. Ina nufin 'yan jaridar da suke zuwa da kyamara su ce matashi ya ƙera abin da ya gagari Turawa, ba tare da sun tafi da injiniya ko ɗaya ya auna ba. Ina nufin masu muƙamin da suke ɗaukar hoto da shi su yi alkawari su wuce. Da masu ilimin da suka san gaskiya suka yi shiru, don kada a ce suna hassada.

Muna da misalin wanda ya bi dokar ya ci riba. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya ɗauki tukunyar ƙasa ƙarama ya sa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bin iska, kuma kowace litar ruwa da ta bi iska tana tafiya da zafi mai yawa, sama da rabin kilowat-awa. Tumatir da gauta da alayyafo da suke lalacewa cikin kwana biyu ko uku suka koma yin kwanaki masu yawa. Ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, fasahar ta kai har Darfur a Sudan. Babu fetur, babu lantarki, kuma ƙofarta a fili take: busasshiyar iska ce take kwashe zafin. Shi ya sa take aiki sosai a Dutse da rani, amma a Jidda da iska take jiƙe ba za ta yi wani tasiri ba, kamar yadda mukayyif sahrawi mai aiki da ruwa take sanyaya ɗaki a Riyad, a nan kuwa sai dai ta ƙara maka gumi.

Hannun da ya iya naɗa kwayil zai iya gyaran inbata, zai iya haɗa famfon sola na noman rani, zai iya ƙera murhun da ke rage cin gawayi ko rumbun busar da tattasai. Kasuwar waɗannan tana nan tana jira.

Kafin ka aika kuɗi

In an matsa maka, ka sa sharaɗi. A kawo injin gidanku, kada a gwada shi a shagon mai sayarwa. A ɗora shi a kan tebur a tsakar gida inda ake ganin ƙarƙashinsa, a buɗe akwatin a ƙirga baturan da ke ciki. A jona masa kaya mai cin wuta na gaske, kamar dutsen guga ko hita mai wat 1,000, a bar shi yana aiki dare da rana har mako guda, maƙerinsa bai taɓa shi ba. A sami mai aikin wuta wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya auna batirin a farko da ƙarshe. Kuɗi kuma sai bayan makon. In ya ce injin yana bukatar hutu kowane awa kaɗan, ko a riƙa ɗan taimaka masa da wutar NEPA, to ya amsa maka tambayarka da bakinsa.

Kuɗin kuwa, a sa su inda lissafi yake fita. Faifan sola mai wat 500 a rana irin ta Kano ko Sakkwato zai ba da kusan kilowat-awa 2 a yini. Biyu ko uku da batir da inbata masu kyau za su riƙe fitilu da fankoki da cajin waya, har da ƙaramin firji in an yi lissafi da kyau. A bar tazara tsakanin faifan da kwanon rufi don iska ta ratsa, domin faifan da ya yi zafi wutarsa raguwa take yi. A ajiye batir a ɗaki mai inuwa da iska, kada a riƙa zuƙe na ruwan asid fiye da rabi, kuma a ware kuɗin canza shi tun yanzu, domin bayan 'yan shekaru zai gaji.